Tsara Mahaɗin Bugu na Dijital: Nazarin Dabarun Rage Cin Wuta da Rage Karkarwa

Tsakure

Kowace na'urar sadarwa ta zamani, daga wayar hannu zuwa akwatin rediyo, tana ɗauke da wata da'irar lantarki wadda aikinta shi ne samar da bugu daidai adadin da ake buƙata. Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake tsara irin wannan da'ira ta hanyar dijital, inda ta mayar da hankali a kan buƙatu biyu masu cin karo da juna, wato ƙarancin cin wuta da ƙarancin karkarwar bugu. An bi hanyar bayani da lissafi, an kuma kafa hujja da alƙaluman na'urorin da aka riga aka ƙera. Nazarin ya gano cewa karkarwa iri biyu ce. Wadda ke tasowa daga tsarin lissafi ana iya magance ta da dabara, amma wadda ke tasowa daga hayaniyar zafi ba ta raguwa sai an biya da ƙarin wuta.

Fitilun Kalmomi: mahaɗin bugu, karkarwa, cin wuta, matattara, makulli

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauraron kiɗan kalangu ya san cewa ƙwarewar makaɗi ba ta tsaya ga yawan bugun da yake yi ba. Makaɗa biyu na iya yin bugu ɗari cikin minti ɗaya, amma na farko kowane bugunsa ya faɗa a gurbinsa, na biyu kuwa wani ya riga lokaci, wani ya makara. Idan aka ƙirga sun yi daidai, amma mai rawa ya san wanda zai bi. Wannan ita ce matsalar da injiniyoyin lantarki ke fama da ita, sai dai a wurinsu bugun yana kai miliyoyi ko biliyoyi cikin sakan ɗaya.

Wayoyin GSM, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, suna magana ne a kan tashoshin da tazarar kilohaz 200 ta raba. Bluetooth na asali yana tsalle tsakanin tashoshi 79 har sau 1,600 a cikin sakan ɗaya, wato yana zama a kowace tasha na mikrosakan 625 kacal. Na'urar da ba ta iya sauya bugunta da wannan sauri da wannan daidaito za ta shiga tashar maƙwabciyarta, ko ta rasa saƙon da aka aiko mata. Kuma duk wannan aiki daga ƙaramin batiri ake so a yi shi. Manufar maƙalar ita ce fito da yadda masu tsara da'ira ke sasanta waɗannan buƙatu, da kuma iyakar da dabara ba ta iya ƙetarewa.

1.1 Kalmomin Fannu

Masu sauraron rediyo sun saba da kalmar mita, kamar a ce tasha tana kan mita 31 a gajeren zango. Asalin wannan ma'auni tsawon igiyar rediyo yake nufi. Igiya mai tsawon mita 31 tana bugawa kimanin sau miliyan 9.7 a sakan. Domin kauce wa ruɗani, an zaɓi yawan bugu a matsayin sunan adadin zagayen da igiya ke yi cikin sakan ɗaya, wanda ake aunawa da haz. Wutar lantarkin gidaje a Nijeriya, alal misali, haz 50 ce.

Makaɗi shi ne da'irar da ke kaɗawa da kanta ta samar da bugu. Agogo shi ne bugun da sauran sassa ke bi. Matsayi shi ne inda igiya ta kai a cikin zagayenta. Mahaɗin bugu shi ne da'irar da ke karɓar agogo ɗaya ta fitar da duk yawan bugun da aka umarce ta. Karkarwa ita ce kaucewar bugu daga lokacin da ya kamata ya faɗa. Ƙaya kuwa ita ce baƙon bugu da ke tsirowa a gefen wanda ake so, domin a allon na'urar awo haka yake fitowa tsaye kamar ƙaya. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, fikosakan kuma kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan.

2.0 Waiwaye a kan Tarihi

Tushen kowane mahaɗi shi ne dutsen kwaz, wanda ke kaɗawa a kan adadi tsayayye idan aka ba shi wuta. A shekarar 1927 Warren Marrison da J. W. Horton suka ƙera agogon kwaz na farko a ɗakunan gwaje-gwaje na Bell a Amurka. Har yau dutsen da ke cikin agogon hannu yana bugawa sau 32,768 a sakan, adadin da idan aka raba shi biyu sau 15 zai ba da bugu ɗaya. Nakasun dutse shi ne adadi ɗaya kawai ya sani. Rediyon da ke buƙatar tasha arba'in a dā sai ya tanadi duwatsu masu yawa.

Hanyoyi biyu suka fitar da injiniyoyi daga wannan ƙangi. Ta farko ita ce da'irar kulle matsayi, wadda za a kira makulli, wadda injiniyan Faransa Henri de Bellescize ya bayyana a 1932. Ta biyu ita ce mahaɗin kai-tsaye na dijital, wanda Joseph Tierney da Charles Rader da Bernard Gold na ɗakin gwaje-gwaje na Lincoln, ƙarƙashin jami'ar MIT, suka wallafa a 1971. Dukansu biyu a yau ana gina su ne da tiransistocin CMOS, fasahar da Frank Wanlass ya ƙirƙira a kamfanin Fairchild a 1963.

3.0 Yadda Mahaɗin Kai-tsaye Yake Aiki

Mahaɗin kai-tsaye yana da sassa huɗu a jere. Na farko shi ne matattara, wadda ke riƙe da lamba, tana ƙara mata wani adadi tsayayye a duk bugun agogo. Wannan adadi shi ake kira taki. Idan matattara ta cika sai ta tumbatsa, ta koma farko da abin da ya yi saura, kamar yadda ƙarfe goma sha ɗaya idan aka ƙara mata awa uku take zama ƙarfe biyu. Kowace tumbatsa zagaye ɗaya ke nan. Sashe na biyu jadawali ne da ke juya lambar matattara zuwa tsayin igiyar sayin a wannan matsayi. Na uku shi ne majuyi, mai mayar da lamba ta zama matsin wuta. Na huɗu kuwa rariya ce da ke tace matakalar da majuyi ya fitar ta zama igiya mai santsi.

Idan matattara tana da bit N, to gurabenta 2 ne a ninka da kansa sau N. Yawan bugun da zai fita shi ne taki sau yawan bugun agogo, a raba da adadin guraben. Guntun AD9850 na kamfanin Analog Devices yana da matattara mai bit 32, wato gurabe 4,294,967,296. Da agogon megahaz 125, ƙara ɗaya a kan taki yana sauya bugun fita da haz 0.0291 kacal. Sauyin kuma nan take yake faruwa, ba tare da igiya ta yanke ba. Iyakarsa ita ce ƙa'idar Nyquist, wadda ta hana bugun fita kai rabin agogo. A aikace akan tsaya wajen kashi 40 cikin ɗari, domin kowane bugu yana da inuwa. Idan ana fitar da megahaz 40 daga agogon 125, inuwar tana megahaz 85, kuma dole a bar wa rariya tazarar da za ta iya raba su.

3.1 Misali a Ƙaramin Ma'auni

A ɗauki matattara mai bit 4, wato gurabe 16, da agogon megahaz 16, da taki 3. Lissafi ya nuna bugun fita megahaz 3 ne. Lambobin matattara za su kasance 0, 3, 6, 9, 12, 15, sannan ta tumbatsa ta bar 2. Daga nan 5, 8, 11, 14, ta tumbatsa ta bar 1. Sai 4, 7, 10, 13, ta tumbatsa ta bar 0. Zagaye uku ke nan cikin bugun agogo 16, kamar yadda aka so.

To amma zagayen ba tsawonsu ɗaya ba. Na farko ya ci bugu 6, na biyu 5, na uku 5. Tun da kowane bugun agogo nanosakan 62.5 ne, zagayen farko ya ɗauki nanosakan 375, sauran biyun 312.5 kowanne, alhali abin da ya dace shi ne 333.3. Wannan shi ne makaɗi na biyu da aka ambata a gabatarwa. Duk da'irar da ta ɗauki tumbatsar matattara kai-tsaye a matsayin bugunta, domin ta huta da kuɗin wutar jadawali da majuyi, za ta gāji karkarwa mai faɗin bugun agogo guda.

4.0 Tushen Karkarwa da Illarta

Karkarwar da aka gani a misalin nan tana maimaita kanta daidai, ana kuma iya faɗin girmanta kafin ta faru. Ita ce karkarwar tsari. Tana da wasu tushen guda biyu. Na farko shi ne datse matsayi. Jadawali mai layi fiye da biliyan huɗu ba zai ƙeru ba, don haka AD9850 yake aika bit 14 na sama kawai, ya yar da 18. Abin da aka yar yana dawowa a matsayin ƙayoyi. Henry Nicholas da Henry Samueli sun yi cikakken lissafin wannan a 1987, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kowane bit da aka riƙe yana danne babbar ƙaya da kimanin desibel 6. Na biyu shi ne ƙarancin matakan majuyi da rashin daidaitonsu.

Iri na biyu shi ne karkarwar gaibu, wadda ba ta da tsari. Tana fitowa ne daga motsin da zafi ke sa ƙwayoyin lantarki su yi a cikin kowace waya da kowane tiransisto. Idan igiya tana hawa za ta ƙetare layin da ake yanke cewa bugu ya faɗa, ɗan motsin matsin wuta yana sa ta ƙetare da wuri ko a makare. Girman kuskuren shi ne hayaniya a raba da saurin hawan igiyar. Igiyar sayin mai tsayin bolt 1 a megahaz 10 tana hawa da saurin kimanin bolt miliyan 63 a sakan, saboda haka hayaniyar milibolt 1 za ta haifar da karkarwar fikosakan 16. Igiyar megahaz 1 mai wannan tsayi tana hawa a hankali sau goma, karkarwarta kuma ta zama fikosakan 160.

Illar karkarwa ta fi bayyana a wuri biyu. A layin da ke ɗaukar bit biliyan 10 a sakan, kowane bit fikosakan 100 ne rabonsa, don haka kuskuren 'yan gomomin fikosakan ya isa a karanta sifili a wurin ɗaya. Haka kuma a na'urar da ke ɗaukar awon igiya ta mayar da ita lamba, awo a lokacin da ba daidai ba awo ne na ƙarya. Idan ana auna igiyar megahaz 100 da agogo mai karkarwar fikosakan 1, fifikon saƙo a kan hayaniya ba zai wuce desibel 64 ba. Na'ura mai bit 12 tana iya kai desibel 74, amma sai karkarwa ta sauko zuwa kimanin fikosakan 0.32. In ba haka ba, an sayi bit 12 ana cin moriyar 10.

5.0 Inda Wuta Take Tafiya

Ƙofar CMOS ba ta jan wuta sosai sai lokacin da take sauyawa daga sifili zuwa ɗaya ko akasin haka. Ana rubuta wannan kamar haka: P = a × C × V² × f. A nan P shi ne cin wuta, a shi ne kason ƙofofin da ke sauyawa, C shi ne yawan cajin da wayoyi da ƙofofi ke iya riƙewa, V shi ne matsin wuta, f kuma yawan bugun agogo. Tun da V ana ninka shi da kansa, shi ya fi kowa tasiri. Wannan ne ginshiƙin maƙalar Anantha Chandrakasan da Samuel Sheng da Robert Brodersen ta 1992 a kan tsara da'ira mai ƙarancin cin wuta.

Takardar bayanin AD9850 ta tabbatar da lissafin. A bolt 5 da megahaz 125 guntun yana cin miliwat 380, a bolt 3.3 da megahaz 110 kuma miliwat 155. Idan aka bi ƙa'idar da ke sama za a sami kimanin 146, ɗan bambancin kuwa na sassan da ke jan wuta ne ko agogo ya yi sauri ko bai yi ba. Ƙanensa AD9833, mai matattarar bit 28 da agogon megahaz 25, miliwat 12.65 yake ci a bolt 3. Duk da haka, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, kimanin miliwat-awa 660 yake ɗauke da shi, wanda a lissafi awa 52 kawai zai riƙe wannan guntu. Wannan ya nuna dalilin da ya sa kowane miliwat yake da daraja a na'urorin da ake so su yi watanni ba a taɓa su ba.

A nan ne buƙatun biyu suke karo. Rage matsin wuta yana rage tsayin igiya da saurin hawanta, karkarwar gaibu ta ƙaru. Rage saurin agogo yana faɗaɗa bugunsa, karkarwar tsari ta ƙaru. Rage bit na jadawali yana ɗaga ƙayoyi. Idan kuma aka sassauta tiransisto domin ya yi sauri a ƙaramin matsi, sai ya riƙa yoyon wuta ko da yana kashe.

6.0 Dabarun Sasantawa

6.1 Rage Girman Jadawali

Igiyar sayin tana maimaita siffarta sau huɗu a zagaye ɗaya, ko a juye ko a kife. Don haka rubu'i ɗaya kawai ake ajiyewa, bit biyu na sama su faɗi yadda za a juya shi. Da wannan jadawali mai layi 16,384 yake komawa 4,096 ba tare da asarar daidaito ba. A 1984 David Sunderland da abokan aikinsa suka ƙara matsawa, inda suka raba lambar matsayi kashi uku, suka yi amfani da ƙa'idar haɗa kusurwoyi. Idan aka raba bit 12 huɗu-huɗu, babban jadawali ɗaya yana zama ƙanana biyu masu layi 256 kowanne, ɗaya ya ba da kusan amsar, ɗayan ya ba da gyara. Wata hanyar ita ce CORDIC, wadda Jack Volder na kamfanin Convair ya wallafa a 1959, inda ake lissafa sayin da tarawa da gusar da bit kaɗai. Ta dace da wurin da ake son daidaito mai zurfi, amma kowane ƙarin bit ƙarin mataki ne mai cin wuta. A 1999 kuma Siamak Mortezapour da Edward Lee suka nuna cewa ana iya cire jadawalin baki ɗaya, a gina matakan majuyi manya da ƙanana bisa siffar sayin.

6.2 Matattara Mai Miƙo

Tara lambobi masu bit 32 cikin bugu ɗaya yana buƙatar ƙofofi masu sauri, domin ragowar tarawa sai ta ratsa daga bit na ƙasa zuwa na sama. Magina ba sa ɗaukar tubali ɗaya su hau da shi bene, sukan jeru ne kowa ya miƙa wa na gabansa. Haka ake yanka matattara gida-gida, kowane gida ya miƙa ragowarsa a bugu na gaba. Aikin kowane gida ya ragu, don haka ana iya rage matsin wuta. Sauka daga bolt 1.2 zuwa 0.9 yana mayar da cin wutar sauyawa kashi 56 cikin ɗari na yadda yake. Sai dai miƙo yana buƙatar ƙarin ma'ajiyoyi, kowace kuma agogo take ci. Maganin da aka saba shi ne tsayar da agogon ma'ajiyoyin da ke shigar da taki, tun da taki ba ya sauyawa sai lokacin canza tasha.

6.3 Jinkirta Bugu Bisa Saura

Wannan dabara ita ta fi fito da bambancin iri biyu na karkarwa. A misalin sashe na 3.1, tumbatsa ta faru a bugu na 6 da na 11 da na 16, alhali lokutan da suka dace su ne 5.33 da 10.67 da 16. Makarar ita ce sulusi biyu, sulusi ɗaya, sai sifili. Saurar da matattara ta bari kuwa 2 ce da 1 da 0. Idan aka raba kowace saura da taki, wato 3, makarar ce take fitowa daidai. Ashe matattara tana riƙe da bayanin kuskurenta. Ba a iya mayar da bugu baya, amma ana iya jinkirta kowanne da abin da zai cike shi bugun agogo guda: sulusi ɗaya, sulusi biyu, sai cikakken bugu. Sabbin lokutan sun zama 6.33 da 11.67 da 17, tazararsu 5.33 daidai. Ana yin jinkirin da jerin ƙofofi ko da cajin ƙaramin kafasito. Layin jinkiri mai mataki 64 zai rage karkarwar nanosakan 62.5 zuwa ƙasa da nanosakan 1, ba tare da jadawali ko majuyi ko rariya ba. Sharaɗinsa shi ne a riƙa daidaita layin, domin zafi da matsin wuta suna sauya tsawon matakansa.

6.4 Yayyafin Hayaniya

Ƙaya tana tsirowa ne saboda kuskure ɗaya yana maimaituwa a kan tsari. Idan aka yayyafa wa matattara ƙananan lambobin gaibu kafin datsewa, tsarin yana wargajewa, ƙarfin ƙayar ya bazu. Charles Wheatley na cikin waɗanda suka fara amfani da wannan a farkon shekarun 1980. Ya kamata a lura cewa yayyafi ba ya rage jimillar kuskure, hasali ma yana ɗan ƙara ta. Amfaninsa yana ga rediyo, inda ƙaya ɗaya mai tsini ta fi ɓarna a tashar maƙwabci. Ingantaccen salonsa shi ne tsarin delta-sigma, wanda Tom Riley da Miles Copeland da Tad Kwasniewski na jami'ar Carleton a Kanada suka shigar cikin makulli a 1993. Shi yana tura hayaniyar ne nesa da bugun da ake so, inda rariya za ta iya kama ta.

6.5 Barci da Tsaftar Wuta

Na'urar da ke aika saƙo jefi-jefi ba ta buƙatar mahaɗi a kunne kullum. Idan guntun da ya ƙarar da batiri cikin awa 52 zai yi aiki kashi ɗaya cikin ɗari na lokaci, batirin zai kai kimanin wata bakwai, in aka ɗauke ɗan abin da yake ci yana barci. Wannan ya sa saurin farkawa ya zama ma'auni mai muhimmanci. Haka kuma dole a raba wutar sassan dijital da ta makaɗi da majuyi, domin dubban ƙofofi da ke sauyawa tare suna girgiza layin wuta, girgizar kuma ta koma karkarwa.

7.0 Makullin Dijital da Iyakar Dabara

Mahaɗin kai-tsaye ba ya kai rabin agogonsa, don haka fitar da gigahaz 2.4 da shi yana buƙatar agogo mai cin wutar da waya ba za ta iya ba. A nan makulli ya fi dacewa. Makaɗi mai sauri yana bugawa, a raba bugunsa, a kwatanta da na dutsen kwaz, a gyara shi. Kuɗin wannan hanya shi ne hayaniyar dutse da ta makwatanci suna ninkuwa. Daga megahaz 25 zuwa gigahaz 2.5 ninki ɗari ne, wato ƙarin desibel 40.

A farkon shekarun 2000 Robert Bogdan Staszewski da abokan aikinsa a kamfanin Texas Instruments suka gina makullin da yake dijital gaba ɗaya, suka sa shi a rediyon Bluetooth, daga baya a na GSM. Ana auna tazarar bugu biyu da jerin ƙofofi a mayar da ita lamba, rariya ta zama lissafi, makaɗi kuma a juya shi da kunnawa da kashe ƙananan kafasito. Hikimar ita ce, yayin da tiransisto ke ƙanƙancewa matsin wuta yana raguwa amma sauri yana ƙaruwa, don haka auna lokaci ya fi auna matsi sauƙi.

A 2009 Xiang Gao da Eric Klumperink da Bram Nauta da abokan aikinsu a jami'ar Twente ta ƙasar Holan suka gabatar da ma'aunin kwatanta makullai: karkarwa a ninka da kanta, sannan a ninka da cin wuta. Makulli mai karkarwar fikosakan 1 a miliwat 1 yana da maki desibel −240, kuma gwargwadon ƙanƙantar makin gwargwadon ingancin tsari. Dalilin ma'aunin shi ne, idan aka haɗa da'ira biyu iri ɗaya gefe da gefe, wuta tana ninkuwa biyu, ƙarfin hayaniya kuma ya ragu da rabi. Saboda haka rage karkarwar gaibu zuwa rabi yana cin ninki huɗu na wuta. A wannan shekarar suka nuna makullin da ke kwatanta makaɗi da dutse ba tare da mai rabawa ba, wanda ya ba da gigahaz 2.2 da karkarwar fikosakan 0.15 a miliwat 7.6. Sun cimma haka ne ta hanyar kawar da ninkuwar hayaniyar wani sashe, ƙa'idar ninki huɗu kuwa tana nan daram.

8.0 Sakamakon Nazari

Daga bayanan da suka gabata an fitar da abubuwa huɗu:

i. Karkarwar tsari kuskure ne sananne, kuma bayaninsa yana cikin da'irar. Ana cire ta da jinkiri, ko a tura ta inda za a tace, da ɗan ƙaramin kuɗin wuta.

ii. Karkarwar gaibu tana bin ƙa'idar ninki huɗu. Neman daidaiton da aikin bai buƙata ba asarar batiri ce.

iii. Rage matsin wuta yana da riba a sassan lissafi, amma yana cutar da makaɗi da majuyi, don haka bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

iv. Mahaɗin kai-tsaye ya dace da ƙananan bugu da sauyi mai sauri, makulli kuma da bugun gigahaz.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana tsarin mahaɗin bugu na dijital, da tushen karkarwarsa, da wuraren da wutarsa take tafiya, sannan ta jero dabarun da aka samar daga 1959 zuwa 2009. Abin da ya fito fili shi ne, mai tsara da'ira yana fara aikinsa ne da tambayoyi biyu: karkarwa nawa aikin zai iya jurewa, kuma wace iri ce ta fi yawa a da'irarsa. Wanda ya amsa su zai san inda zai kashe dabara da inda zai kashe wuta. Ta fuskar harshe kuma, kalmomin da aka yi amfani da su, irin su matattara da makaɗi da rariya da ƙaya, shawarwari ne da ke buƙatar a gwada su a aji tare da ɗaliban injiniya, domin a ga waɗanda suka zauna a bakin masu aikin da waɗanda ke buƙatar sauyi.